Baƙar Tsaba da Jar Tsaba: Yadda Likitocin Khartum Suka Rarrabe Dangin Cutar Madura

Ko a ruga wannan takarda ta same ka, ko a kara kana jiran dillali, ko a bakin iyaka kana jiran a buga wa takardun mota hatimi, muna yi maka barka da war haka. Abin da ke hannunka tsakure ne daga shirinmu na tarihi, wanda a wannan karon ya kai mu Khartum da Umdurman, biranen nan da ke fuskantar juna a inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu.

Bari mu fara da abin da wataƙila ka taɓa gani da idonka. Saurayi ne mai ƙarfi, yana bin shanu, ƙaya ta soke shi a tafin ƙafa. Ya zare ta, ya tofa yawu, ya wuce. Bayan watanni sai wani ɗan ƙululu ya fito a wurin, ba zafi, ba zazzaɓi. Shekara ta zagayo, ƙululun ya girma, ƙafar ta yi tauri kamar icce. Daga nan sai ƙananan ƙofofi su ɓule, suna tsiyayar ruwa da mugunya, a ciki kuma akwai wasu 'yan ƙwayoyi kamar tsabar gero ko ta riɗi. Na wani baƙaƙe ne, na wani jajaye, na wani kuma rawaya ko farare.

A Sudan ana kiran wannan ciwo madura, wasu su ce nabit, wato tsiro. Likitoci suna ce masa maisitoma. Ba kurkunu ba ne, ba tundurmi ba ne, ba kuwa kuturta ba. To, launin waccan tsaba da ka raina, a kansa masana suka shafe shekaru fiye da 150 suna bincike da gardama, kuma wani babban kaso na aikin a Khartum aka yi shi. Dalilin da ya sa labarin ya shafe ka shi ne, sanin dangin abin da ke cikin ƙafar shi ne ke raba wanda zai warke da ƙwayar magani da wanda za a kai ga yanke masa ƙafa.

Kama da wane ba ta wane

Kai da ka tashi cikin shanu ba sai an koya maka rarrabe iri ba. Ka san Bunaji, ka san Rahaji, ka san Bokoloji da shanun Azawak. Ɗan birni zai ga farar saniya ya ce duk farare ɗaya ne. Kai kuwa sai ka dubi ƙaho da tozo da kunne da leɓar wuya, sa'annan ka tambayi uwarta da bijimin da ya haife ta. Ka san launi yana yaudara, asali shi ne gaskiya.

Irin wannan aiki ne masana halittu suke yi wa duk abin da ke da rai. Akwai wani babban gida na halittu da ya haɗa funfunar da ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, da naman kaza da ke tsirowa a gindin suri da damina, da abin da ke sa makero a kan yara. A nan za mu riƙa ce masa gidan funfuna. Da can cikin tsirrai ake lissafa su, sai a shekarar 1969 wani masani ɗan Amurka, Robert Whittaker, ya ware musu gidansu daban. Binciken da ya biyo baya ya nuna ma sun fi kusa da dabbobi a kan itatuwa. Riƙe wannan magana, za mu dawo gare ta.

A cikin wannan gida akwai wani irin naman kaza mai rassa, wanda ba shi da hula, yana tashi tsaye kamar icen murjani na ƙarƙashin teku, irin wanda alhazan da suka bi ta Sawakin da Port Sudan suka sani. A 1753 masanin nan na Suwidin, Linnaeus, ya tara duk masu wannan siffa ƙarƙashin suna ɗaya, Clavaria. A 1826 wani Bafaranshe, Chevallier, ya mai da su dangi guda mai suna Clavariaceae. A 1950 wani Bature ɗan Ingila, E. J. H. Corner, ya wallafa babban littafi a kansu, yana nuna cewa siffa kaɗai ba ta isa hujja ba. Da aka zo ƙarshen shekarun 1990 aka fara duba ƙwayoyin gado na cikin jikinsu, waɗanda ake ce wa DNA, sai ga shi garken da ake tsammani na gida ɗaya ne ashe tarin baƙi ne. Waɗanda suka rage a dangin Clavariaceae 'yan uwan naman kaza mai hula ne. Ramaria, wanda ya fi kowa kama da murjani, danginsa can wani wuri daban suke. Clavulina shi ma nasa gidan daban.

Kuskure a kan naman kaza mai kamar murjani bai taɓa raba kowa da ƙafarsa ba. Amma irin wannan kuskuren ne aka yi a kan madura, kuma shi kam an biya kuɗinsa da ƙafafun mutane.

Daga Madura zuwa bakin Nilu

Sunan ciwon daga Indiya ya fito. A 1842 wani likita mai suna John Gill ya ba da rahoton irin wannan ƙafa a garin Madurai da ke kudancin ƙasar, daga nan aka riƙa cewa ƙafar Madura. A 1860 Henry Vandyke Carter, likita a Bombay, ya duba tsabar a madubin ƙara girma, ya ga zare-zare irin na funfuna, ya raɗa wa ciwon suna maisitoma, ma'ana ƙarin funfuna. Ya lura akwai mai baƙar tsaba, akwai mai fara, amma ya ɗauka abu ɗaya ne ke kawo su.

Faransawa suka ɗora daga nan, domin ciwon yana da yawa a ƙasashen da suka mallaka. A 1894 Vincent ya raino ƙwayar farar tsaba a Aljeriya. A 1905 Emile Brumpt ya ba funfunar baƙar tsaba sunan Madurella, sunan da take amsawa har gobe. A 1906 aka bayyana ta jar tsaba daga Senegal, aka kuma bayyana ta rawayar tsaba daga yankin Somaliya. A 1913 Pinoy na cibiyar Pasteur ya ce kada a cakuɗa su: wasu funfuna ce ta gaskiya ke kawo su, wasu kuma wata halitta ce mai siririn zare da ta yi kama da funfuna. Wannan ta biyun ita ce daga baya aka tabbatar bakteriya ce, ba ta da haɗi da gidan funfuna ko kusa.

Ɗakin gwaji a Khartum, asibiti a Umdurman

Bayan yaƙin Karari na ranar 2 ga Satumba 1898, inda sojojin Kitchener suka ci rundunar Halifa Abdullahi a arewacin Umdurman, Turawan Ingila suka sake gina Khartum. A 1902 aka buɗe kwalejin Gordon. Wani attajirin haɗa magunguna, Henry Wellcome, ya ba da kuɗi aka kafa ɗakin gwaje-gwajen cututtukan ƙasashe masu zafi a cikin kwalejin, aka ɗora Andrew Balfour a kansa. A 1904 Balfour ya ba da rahoton madura a Sudan. A 1908 gobara ta tashi a ɗakin gwajin ta cinye kayan aiki da abubuwa da yawa da aka tara, aka sake gini aka ci gaba.

Ka tuna kuma a waɗannan shekaru ne mutanenmu suke kwararowa gabas. Bayan faɗan Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sennar, inda garin Mai Wurno yake a yau. Masu niyyar Makka suna tasowa daga Kano da Sakkwato da Damagaram, su ratsa Barno da Wadai da Darfur, su biyo ta El Obeid zuwa Umdurman, akasari a ƙasa, wasu shekara da shekaru a hanya. Da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, Hausawa da Fulani da Barebari da yawa suka tsaya nan suna ƙwadago. Jazira da Sennar da Farin Nilu kuwa su ne cibiyar madura a Sudan. Ka ga ke nan wannan tarihi ba na wasu can ba ne, ƙasar da kakanninmu suka taka ce.

A 1913 Albert Chalmers ya gaji Balfour. Tare da shi akwai Robert Archibald, a ɓangaren asibiti kuma akwai John Christopherson, wanda ke shugabantar asibitocin gwamnati na Khartum da Umdurman. Aikin ya kasu biyu. Likitan asibiti ya fiɗe ƙafa ya ciro tsaba, masu ɗakin gwaji su wanke ta, su shuka ta a kwalba, su jira makonni su ga abin da zai tsiro. A 1916 suka fitar da rahotanni biyu. Chalmers da Archibald suka rubuta a kan mai baƙar tsaba, Chalmers da Christopherson suka rubuta a kan ɗaya nau'in. Suka tsara ciwon gida biyu kamar yadda Pinoy ya nuna, kowane gida kuma suka rarraba shi bisa launin tsaba. Wannan tsari na Khartum ya shiga littattafan likitanci na duniya.

Sai dai su ma sun yi nasu tuntuɓen. Funfunar da suka raino daga baƙar tsaba sun ɗauka sabuwa ce, har suka ba ta sunan birnin, Glenospora khartoumensis. Daga baya aka gane Madurella ce dai ta Brumpt. Haka aka yi ta yi a ƙasashe da dama: kowa ya raino tasa a kwalba, ya ga launinta ya ɗan bambanta, sai ya raɗa mata suna. Abin ya zama kamar sa guda da aka zaga da shi kasuwa biyar, kowace kasuwa aka yi masa sabuwar takarda. Sai da aka zauna aka gwama su kafin tarin sunayen ya koma ɗaya, Madurella mycetomatis.

Me ya sa rabon ya zama babban abu

A zamanin Chalmers, ko an san dangin ko ba a sani ba, maganin wuƙa ce. Amfanin rabon ya fito ne bayan da aka samu magungunan kashe bakteriya. Nan aka ga cewa nau'in bakteriya yana jin magani. Idan likita ya haɗa wa mutum irin su kotirimokzazol, wanda ka sani da Septrin ko Bactrim, da wata allura ko wata ƙwaya, aka jure watanni ana sha, mafi yawan masu ciwon suna warkewa ba tare da an yanke komai ba. Amma shi wannan nau'i ya fi saurin ci, ya fi saurin kai wa ƙashi, don haka ba ya son jinkiri.

Nau'in funfuna kuwa ko ka sha buhun waɗancan magunguna ba abin da za su yi masa. Ga inda maganar Whittaker ta dawo. Tun da funfuna ta fi kusa da dabba, ginin jikinta ya yi kusa da namu, abin da zai kashe ta sau da yawa yana taɓa hantar mutum ko ƙodarsa. Ban da haka, Madurella tana lulluɓe kanta da wani baƙin abu mai tauri kamar siminti, shi ne tsabar da kake gani, magani kuwa da ƙyar yake ratsa shi. Shi ya sa ake haɗa mata biyu: a sha magani wata da watanni har ciwon ya tattaru wuri guda, a yi tiyata a cire shi, a kuma ci gaba da shan magani don kada ya dawo.

Ga yadda launin yake nuni. Baƙar tsaba funfuna ce. Ja bakteriya ce, wadda aka fara bayyanawa daga Senegal. Rawaya mai tauri kamar yashi ita ma akasari bakteriya ce. Fara kuwa tana iya zama kowanne, sai gwaji. Kowace ƙasa kuma da wanda ya fi yawa a cikinta. A Sudan baƙar ce kan gaba. A Meziko bakteriya ce. Binciken da likitoci suka wallafa a kan Jamhuriyar Nijar a 1988 ya nuna ciwon yana nan, kuma nau'in bakteriya yana da yawa. Senegal da Murtaniya da Mali da Cadi da arewacin Najeriya duk suna cikin ɗamarar da masana suka shata wa ciwon, ƙasashe masu gajeriyar damina da dogon rani da itatuwan ƙaya.

Aiki ya koma hannun 'yan ƙasa

A 1956, shekarar da Sudan ta samu 'yancin kai, wani likita mai suna Peter Abbott ya wallafa ƙidayar da ta buɗe idon mutane: cikin shekara biyu da rabi asibitocin ƙasar sun karɓi masu madura 1,231. Wannan lissafin waɗanda suka iso asibiti ne kawai. Na ruga da na ƙauyen da ba mota ba su shiga ciki ba.

Daga nan 'yan ƙasar suka karɓi aikin a Jami'ar Khartum. Farfesa El Sheikh Mahgoub ya shafe rayuwarsa a kai. A 1973 shi da Ian Murray suka fitar da littafi sukutum a kan ciwon, a 1984 kuma shi da abokin aikinsa Gumaa suka nuna cewa maganin ketokonazol yana taimaka wa mai baƙar tsaba. An daɗe ana amfani da shi, har zuwa 2013 da hukumomin magunguna na Turai da Amurka suka taƙaita shi saboda illarsa ga hanta. Aka koma wa itirakonazol, wanda ake sha kullum, ga tsada.

A 1991 wani likitan tiyata, Farfesa Ahmed Hassan Fahal, ya kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a harabar asibitin jami'a da ke Soba, kudu da Khartum. A lokacin ita ce kaɗai irinta a duniya. Daga 1991 zuwa 2014 ta duba mutum 6,792. Kashi 70 cikin 100 nau'in funfuna gare su, kashi 76 cikin 100 maza ne, kashi 76 cikin 100 a ƙafa ciwon yake, mafi yawansu kuma ba su kai shekara 30 ba. Dubi waɗannan alƙaluma da kyau. Samari ne, masu bin garke da masu riƙe fartanya, waɗanda gida ke dogara da su. Mafi yawa kuma sun iso a makare, bayan an yi sakiya, an yi tsaga, an shafa wannan an ɗaura wancan.

Da dangi ya bayyana, sai aka waiwayi garke

Yanzu mun zo wurin da ya fi shafar makiyayi. Shekaru kusan ɗari ba wanda ya san gidan da Madurella ta fito. Ita funfuna da 'ya'yan da take fitarwa ake gane danginta, wannan kuwa a kwalba ba ta fitar da abin kirki. Sai ta zama kamar saniyar da aka tsinta a daji ba shaida a jikinta.

Gwajin DNA ya warware wannan. Likitocin Khartum suka haɗa kai da masana a Holan, aka riƙa aika samfur daga Soba ana karantawa. A 2008 aka ware wata sabuwar bakteriya daga cikin masu rawayar tsaba, aka ba ta sunan ƙasar, Streptomyces sudanensis. A 2012 aka gano wata 'yar uwar Madurella aka sa mata sunan Fahal, Madurella fahalii, ita kuma ba ta jin itirakonazol yadda yayarta ke ji. A ido tsabarsu ɗaya ce. A 2014 wata masaniya 'yar Sudan, Sarah Ahmed, da abokan aikinta suka nuna cewa wadda aka daɗe ana kira Madurella grisea ba ma 'yar gidan ba ce, aka fitar da ita aka canja mata suna.

A 2013 kuwa aka gano ita kanta Madurella mycetomatis 'yar dangin Chaetomiaceae ce. Da aka duba inda sauran 'yan wannan dangi suke zama, sai aka ga da yawansu a kashin dabbobi suke rayuwa, da ƙasar da taki ya ratsa. Tun da daɗewa ƙaya ake zargi, kuma da dalili: a Senegal masana sun samu wata funfunar baƙar tsaba a jikin busasshiyar ƙaya, a Sudan kuma tun 2002 aka ga alamar Madurella a cikin ƙasa. Amma sanin dangin ya sa masu binciken suka kawo wani hasashe. Suka ce a ƙauyukan Jazira shanu suna kwana a shingen ƙaya dab da ɗakunan mutane, ƙasan gida cakuɗe take da busasshen kashinsu, mutane kuma suna yawo ba takalmi. Mai yiwuwa ne taki shi ne mazaunin, ƙaya kuma ita ce mai buɗe ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka ji wannan ka ce an ɗora wa saniyarka laifi. Ba nono ba ne, ba nama ba ne, kuma ciwon ba ya tashi daga mutum ya kama mutum, don haka ba dalilin gudun mai shi ko raba masa ƙwarya. Abin dubawa shi ne wurin da ƙaya da kandilo da ƙafa ba takalmi suka haɗu. Wannan wuri kuwa ka san shi: shingen dushe ko na farar ƙaya da ka ja ka kewaye maruƙa, da gindin bagaruwa inda ake hutun rana, da turken da matan ruga ke tsugunawa suna tatsa da asuba.

Sabon magani, sai kuma yaƙi

A watan Mayun 2016 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa maisitoma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Sudan ce ta ja gaba wajen neman hakan. A 2017 aka fara gwajin wani sabon magani a Soba, fosravukonazol, tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan. Shi ne gwaji na farko irinsa a kan mai baƙar tsaba, mutum 104 suka shiga. Sakamakon ya nuna bai zarce itirakonazol ba, amma yana aiki, kuma sau ɗaya ake shan sa a mako. Wanda ya san mashiga da sheƙar damina ya san bambancin ƙwayar kullum da ta mako-mako.

Ana cikin haka, ranar 15 ga Afrilun 2023, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Cibiyar Soba ta rufe, ma'aikata suka watse, masu shan magani suka yanke. Da aka samu komawa wurin a 2025 aka tarar an wawashe shi an lalata shi, ma'ajiyar samfuran da aka tara shekara da shekaru ta salwanta. Gobarar 1908 ta ci aikin shekara biyar ne. Wannan karon na fiye da shekara talatin ne ya tafi. Likitocin sun ci gaba da duba marasa lafiya a Kassala, can gabas, amma ɗan Nijar ko ɗan Cadi da a da zai bi motar kaya ya sauka a kasuwar Libya ta Umdurman ya nemi hanyar Soba, yaƙin ya rufe masa wannan ƙofa.

Abin da za ka ɗauka ka tafi da shi

To, Malam, ga guzurinka. Na farko takalmi. Silifas ba ya tare ƙayar aduwa. Nemi sau-ciki mai kaurin ƙasa, ko na roba mai rufe ƙafa, ka saya wa yaran da ke bin maruƙa kafin ka saya wa kanka. Ke ma mai tatsa da mai ɗebo itace, maganar ta haɗa da ke, domin ciwon yana kama hannu.

Na biyu, idan ƙaya ta soke ka, cire ta gaba ɗaya, ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe. Kada ka toshe rauni da ƙasa ko da kashin shanu. Idan da hali, ka ɗan nisanta shingen dabbobi da wurin kwana, a riƙa share karyayyar ƙaya daga tsakar gida.

Na uku, ƙululun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro. Idan ya wuce 'yan makonni bai baje ba, je asibiti tun yana kamar ƙwallon magarya. A lokacin cire shi ƙaramin aiki ne. Sakiya da tsaga ba sa kashe abin da ke ciki, sai dai su buɗe hanya ga wata cutar, su kuma cinye maka watannin da kake da su.

Na huɗu, idan tsaba ta fara fita, dubi launinta. Tara ta a ƙyalle mai tsabta ko 'yar kwalba ka kai wa likita, ka gaya masa yaushe ƙaya ta soke ka da inda kake kiwo. Ka ambaci sunan madura ko maisitoma, ka roƙi a gwada a san ko ta funfuna ce ko ta bakteriya. Manyan asibitoci na koyarwa a Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su ne wuraren da za a nufa da irin wannan.

Na biyar naku ne, 'yan kasuwa. Kada ka sayo wa ɗan uwanka katan ɗin Septrin daga kasuwa don ka ji an ambace shi a nan. Idan tasa baƙar tsaba ce, kuɗinka ka zubar, ƙafarsa kuma tana ci gaba da lalacewa. Idan ma ta bakteriya ce, akwai adadi da tsawon lokaci da gwajin jini da likita kaɗai zai tsara. Wanda kuma aka ɗora a kan magani, kada ya ajiye don ƙofofin sun bushe. Sai likita ya ce ya isa.

Alheri ɗaya da za ka iya yi kuwa ba ya cin ko sisi. Kana ratsa garuruwa da rugage da ba likitan da ke zuwa. In ka ga yaro yana ɗingishi da ƙafa a naɗe cikin tsumma, tsaya ka tambayi mahaifinsa ko Arɗon wurin, ka ce a kwance a duba ko akwai tsaba. In akwai, ka gaya musu abin da ka karanta a nan, in da wuri a motarka ka rage musu hanya zuwa asibiti.

Allah ya tsare ƙafafunmu, ya albarkaci dukiya, ya kawo wa mutanen Sudan zaman lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.